Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Gyaran Mutum Dubu Ke Zama Kenel Ɗaya

Tambayoyin da suka taru mana a wannan karo kusan dukkansu sun karkata ne ga abu guda, wato yadda ake tafiyar da aikin gina kenel na Linux, musamman yadda ake karɓar gyare-gyaren da mutane ke aikowa daga sassan duniya har a haɗe su wuri guda. Ga wanda bai saba da kalmar ba, kenel shi ne ƙashin bayan babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura: shi ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, shi ke magana da faifan ajiya da katin sadarwa da allon gani, kuma duk wayar Android da ke hannun mai karatu a kansa take tafiya. Gyaran da ake aikowa kuwa masu sana'ar suna kiransa faci, kuma sunan ya dace da shi, domin ɗan rubutu ne da ke nuna layukan da za a cire da waɗanda za a ɗora a madadinsu. Na taƙaita wasiƙun, na kuma haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Malam, na ji an ce Linus Torvalds ne ke da ta cewa a kan duk abin da zai shiga Linux. Shin da kansa yake karanta kowane gyara? Idan haka ne, ina yake samun lokaci? Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta.

Amsa: Ba ya karantawa, ɗan'uwa, kuma ko yana so ba zai iya ba. A kowane zagaye na aiki, wanda ke ɗaukar mako 9 zuwa 10, ana shigar da faci fiye da 10,000 daga hannun mutanen da sukan kai kusan 2,000, kuma mafi yawansu suna shiga ne a cikin makonni biyun farko. Idan ka raba wannan adadi a kan kwana 14 za ka ga ya haura 700 a rana, alhali wani facin guda ɗaya kan cinye wa ƙwararre yini guda kafin ya gamsu da shi.

Da can kam yana karantawa. Lokacin da ya sanar da aikin a watan Agustan 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, shi kaɗai ne ƙofa, duk mai gyara shi yake aika wa, shi kuma ya duba ya ɗora da hannunsa. Wannan tsari ya yi aiki har lokacin da masu aikowa suka fi ƙarfin mutum guda, sai ƙorafi ya yi yawa cewa gyare-gyare masu kyau suna ɓacewa a akwatin saƙonsa ba tare da ko amsa ba. A 2002 ya koma amfani da BitKeeper, wata manhajar adana tarihin rubutu ta kamfanin Larry McVoy, wadda ta ba shi damar jawo tarin gyare-gyare a dunƙule daga wajen wanda ya amince da shi maimakon ɗaya bayan ɗaya. Da aka samu saɓani a kan lasisin wannan manhaja a 2005, sai ya zauna a watan Afrilu ya rubuta Git, tasa manhajar ta adana tarihin rubutu, kuma kenel mai lamba 2.6.12 da ya fito a watan Yunin wannan shekara da ita aka haɗa shi.

Tsarin da ake bi a yau mai hawa-hawa ne. An raba kenel gida-gida: sadarwa, sarrafa ƙwaƙwalwar na'ura, tsare-tsaren ajiye fayil, sauti, hoto, da dubban direbobin na'urori (wato ƙananan manhajojin da ke sa kenel ya iya sarrafa kowace na'ura), kuma kowane gida yana da mai kula da shi, wanda sunansa ke rubuce a wani dogon fayil mai suna MAINTAINERS da ke cikin kenel ɗin kansa. Mai gyara yana aika facinsa ga mai kula da gidan da abin ya shafa, a bainar jama'a, inda duk mai sha'awa zai iya dubawa ya yi suka. Idan an gamsu, mai kula ya ɗora shi a nasa reshen, wato kwafin kenel ɗin da yake tara gyare-gyare a kai. A manyan gidaje irin na sadarwa, facin kan bi ta hannu biyu ko uku kafin ya kai ga babban mai kula. Shi wannan ne zai rubuta wa Torvalds cewa ga abin da ya tara, ga bayaninsa, a jawo. Abin da Torvalds ke karantawa shi ne wannan bayani, da jerin fayilolin da aka taɓa, sai kuma duk wurin da ya ji bai kwanta masa ba, musamman idan gyaran ya taɓa tsakiyar kenel. Saboda haka hukuncin da yake yankewa a mafi yawan lokuta a kan mutum ne: wane ne ya aiko, kuma yaya aikinsa ya kasance a shekarun da suka wuce.

Akwai kuma kalanda da kowa ya sani. Da zarar sabon kenel ya fito, sai a buɗe ƙofa na mako biyu don karɓar sababbin abubuwa. Bayan nan Torvalds ya fitar da fitowar gwaji ta farko, wadda ake yi wa laƙabi da rc1, ya rufe ƙofa. Daga nan kowace Lahadi sai a fitar da wata, yawanci har zuwa ta 7, wani lokaci ta 8 idan al'amura ba su lafa ba, kuma a duk tsawon waɗannan makonni gyaran kuskure kaɗai ake karɓa. Wanda ya makara sai ya jira zagaye na gaba, kuma tun da bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba, babu dalilin tura ɗanyen aiki don gudun kada a bar mutum a baya. Wannan ƙa'ida ba ta wasa ba ce. Tsarin ajiye fayil na bcachefs, wanda ya shiga a kenel 6.7 a farkon 2024, an cire shi daga kenel a 2025, kuma babban abin da ya jawo rikicin shi ne takaddamar da aka yi ta yi da marubucinsa a kan abin da ya halatta a aiko bayan an rufe ƙofa.

Tambaya: Na shafe kusan wata biyu ina gyara direban wata na'ura, na gwada, yana aiki lafiya lau. Na aika shi a faci guda mai layi wajen 900. Bayan kwana goma mai kula da wurin ya amsa mini da jimla biyu: in rarraba shi, kuma in bayyana dalilin kowane canji. Ko godiya babu. Wannan ba wulaƙanci ba ne? Daga wata injiniya.

Amsa: Malama, na fahimci zafin da kika ji, kuma kalmar godiya guda ɗaya ba za ta rage shi da komai ba. Amma a kan ainihin magana gaskiya tana wajensa, kuma zan ɗan tsaya a nan domin wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a cikin waɗanda aka aiko.

Abin da ya fi ƙaranci a aikin kenel shi ne masu dubawa. Masu rubutu suna da yawa, kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat da AMD suna biyan ɗaruruwan ma'aikata don su rubuta, amma mutumin da ya san wani lungu na kenel sosai har zai iya kallon faci ya hango ɓarnar da zai yi bayan shekara uku, irinsa kaɗan ne, kuma galibi aiki ya yi masa yawa. Kusan kowace ƙa'ida da za ki ci karo da ita an kafa ta ne don a tsimi lokacin wannan mutum. Faci mai layi 900 da ya haɗa sauya sunaye, da gyara tsarin rubutu, da toshe kuskure, da ƙara sabon aiki, yana tilasta masa ya warware da kansa wane layi ne na wane dalili, kuma a irin wannan cakuɗa ne kuskure ke samun maɓoya. Idan kika raba shi gida goma, kowane da manufa guda, zai iya amincewa da bakwai a zama ɗaya ya tsaya a kan ukun da ke buƙatar tunani.

Dalili na biyu ya shafi ranar da abu zai lalace. Git tana da wata dabara ta gano facin da ya jawo matsala: mai gwaji ya nuna mata kenel da ke aiki da wanda ba ya aiki, ita kuma ta ba shi na tsakiyarsu ya gwada, ta sake raba rabin da ke da matsalar biyu, haka har a kai ga faci guda. Ta wannan hanya, gwaji 14 ya isa a zaƙulo mai laifi daga cikin faci 10,000. Amma dabarar tana amfani ne kawai idan kowane faci ƙarami ne kuma kenel yana ginuwa ya tashi bayan an ɗora shi. Idan binciken ya ƙare a kan dunƙulen layi 900, an san gidan da ɓarawo ya shiga amma ba a san ɗakin ba. Shi ya sa ake sharɗanta cewa kowane faci a cikin jeri ya tsaya da ƙafarsa, kada na uku ya karya abin da sai na biyar zai gyara.

Batun bayani kuwa, ki tuna cewa rubutun manhaja yana nuna abin da aka yi ne kawai, ba ya faɗin abin da ya sa aka yi. Wanda zai zo bayan shekara goma yana neman dalilin wani layi ba zai same ki ya tambaya ba, bayanin da kika rubuta a saman facin shi kaɗai zai tarar. Ki faɗi matsalar da mai amfani da na'urar ke gani, da yadda kika gano sanadinta, da dalilin da ya sa kika zaɓi wannan hanya kika bar wata. Idan kuskuren da kike gyarawa wani tsohon faci ne ya kawo shi, ki ambaci lambarsa a layin da ke farawa da Fixes, domin da wannan layi ake sanin tsofaffin kenel da ke buƙatar gyaran.

Kafin ki sake aikawa, ki bi da facin ta checkpatch.pl, wadda ke kama kurakuran tsarin rubutu, da get_maintainer.pl, wadda ke gaya miki waɗanda ya kamata su gani. Ki sa alamar cewa zubi na biyu ne, ki kuma rubuta a taƙaice abin da ya canza daga na farko. Kada ki yi mamaki idan aka kai zubi na biyar ko na shida, domin manyan ƙwararru ma haka suke sha. Kwana goman da kika jira kuma ba dogon lokaci ba ne a wannan fage, musamman idan ya faɗo a makonni biyun buɗe ƙofa, lokacin da masu kula ba su da sukunin duba sabon abu. Wanda ya ce ki raba facin ya karanta shi ke nan, kuma ya ga alamar abin da ya cancanci a sake aikowa. Shirun da ba amsa shi ya fi ciwo, kuma maganinsa shi ne a sake aikawa cikin ladabi bayan mako ɗaya ko biyu.

Ban ce harshen wannan al'umma ya kasance mai daɗi kullum ba. Shi kansa Torvalds ya fito a watan Satumban 2018 ya nemi afuwa a kan kaushin harshensa, aka kuma kafa ƙa'idojin ɗa'a a rubuce. Gajeriyar amsa dai daban take da zagi, kuma abin da kika kawo mini gajeriyar amsa ce.

Tambaya: Me ya sa har yanzu da imel ake aika faci, alhali ƙananan ayyuka ma sun koma shafuka irin su GitHub?

Amsa: Saboda ya dace da yadda masu dubawa ke aiki. Faci yana zuwa a matsayin tsagwaron rubutu a cikin saƙo, mai dubawa ya yanko layin da yake da magana a kansa ya rubuta ra'ayinsa a ƙarƙashi, kowa da irin manhajar da ya saba da ita, ko da intanet ɗinsa mai rauni ne, kuma aikin bai dogara da wani kamfani guda da zai iya sauya sharuɗɗansa gobe ba. Wanda ya tuna abin da ya faru da BitKeeper zai gane dalilin wannan taka-tsantsan. Duk da haka ina ganin masu ƙorafi suna da hujja, domin yawancin manhajojin imel na zamani suna lalata faci ta hanyar sauya tazara ko naɗe dogayen layuka, kuma sabon shiga kan ɓata yini yana faman saita git send-email, umarnin Git na aika faci ta imel, kafin ya aika layi ɗaya. Kayan aiki irin su b4, wadda Konstantin Ryabitsev ya rubuta, sun rage wahalar ƙwarai, amma ba su kawar da ita ba.

Tambaya: Idan mutum biyu a gidaje daban-daban suka gyara wuri ɗaya ba tare da sanin juna ba, wa ke raba gardama? Daga wani malamin makarantar koyon fasaha.

Amsa: Malam, karon iri biyu ne, kuma wanda ake gani da ido shi ne mai sauƙi. Idan faci biyu suka taɓa layi ɗaya, Git za ta tsaya ta ce ba ta san wanda za ta ɗauka ba, sai mutum ya duba ya daidaita. Mai wuyar shi ne wanda Git ba ta gani: wani ya sauya yadda ake kiran wani aiki a tsakiyar kenel ya gyara duk masu kiransa da ya tarar, a daidai lokacin da wani a can gefe ya rubuta sabon direba da ke kiran aikin ta tsohuwar hanya. Layukansu ba su haɗu ba, kowane reshe lafiyarsa ƙalau shi kaɗai, amma da an haɗe su sai kenel ya ƙi ginuwa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ginu ya riƙa yin kuskure a ɓoye.

Don a kama irin wannan da wuri ne Stephen Rothwell, daga Ostireliya, ya fara wani reshen gwaji mai suna linux-next a watan Fabrairun 2008. Kusan kowace ranar aiki ana ɗauko rassan masu kula fiye da 200, a haɗe su ɗaya bayan ɗaya, a gina, a ga abin da ya karye, sannan a sanar da waɗanda abin ya shafa. Washegari a watsar a sake daga farko. Babu wanda ake so ya gina aikinsa a kan wannan reshe, amfaninsa shi ne ya nuna yadda kenel na gaba zai kasance tun makonni kafin a buɗe ƙofa. Abin da bai kwana a linux-next ba kuwa, idan aka aiko shi, mai aikowar yakan sha tambaya. A gefe guda akwai na'urorin gwaji masu aiki dare da rana, kamar na kamfanin Intel da ke gina faci a kan tsare-tsare iri-iri ya aiko da rahoto, da syzbot na Google da ke jefa wa kenel umarni barkatai don ya ga inda zai faɗi.

Wani abu da ke ba sababbi mamaki shi ne, Torvalds ba ya son masu kula su share masa karon kafin ya gani. Ya fi son a gaya masa cewa reshe kaza zai yi karo da reshe kaza, ga yadda muke ganin za a warware, sannan ya warware da hannunsa, domin ta nan yake sanin wuraren da gidaje ke takun saƙa. Haka kuma ba ya son mai kula ya sake jera tarihin reshensa a kan sabon tushe ana gobe zai aiko, saboda yin haka yana mayar da abin da aka gwada na makonni ya zama sabon abu da ba wanda ya taɓa gwadawa. Idan gyara ya ratsa gidaje biyu, ko dai mai kula da ɗayan ya ba da yardarsa a rubuce da layin Acked-by a bar ɗayan ya ɗauka, ko kuma a yi ƙaramin reshe na tarayya da aka yi alkawarin ba za a sake taɓa shi ba, kowa ya jawo shi cikin nasa.

Gardamar da ta wuce ta layuka, wato ta manufa, ana yin ta ne da hujja a fili, mai kula da gidan ya yanke, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Idan ta gagara sai ta kai ga Torvalds. Akwai dai hukunci guda da ba a jayayya a kansa: duk facin da ya sa manhajar da ke aiki jiya ta daina aiki yau, to a gyara shi da gaggawa ko a cire shi, komai kyawunsa. A cikin kenel ana iya rushe kowane tsari a sake gini, muddin mai rushewar ya gyara duk abin da ya dogara da shi, amma abin da masu amfani suka dogara da shi daga waje ba a karya shi.

Tambaya: Tun da kowa zai iya aikowa, me zai hana mugu ya cusa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki?

Amsa: An gwada, kuma ba sau ɗaya ba. A watan Nuwamban 2003 wani ya kutsa cikin wani kwafin rumbun kenel ya ƙara layi biyu da suka yi kama da binciken ko mai kira shi ne babban mai iko da na'ura. Sai dai maimakon alamar daidai guda biyu, wadda ke nufin tambaya a C, harshen da ake rubuta kenel da shi, ya rubuta guda ɗaya, wadda ke nufin naɗawa, ta yadda duk wanda ya san sirrin zai zama mai cikakken iko. An kama shi ne domin canjin bai da asali a babban rumbun BitKeeper, kuma bai taɓa shiga kenel na ainihi ba. A 2011 aka gano an kutsa cikin na'urorin kernel.org, shafin da ake ajiye rubutun kenel, aka rufe su na makonni. Rubutun kenel bai gurɓata ba, domin a Git lambar kowane canji ana lissafa ta ne daga abin da ke cikinsa da kuma lambar wanda ya gabace shi, don haka ba a iya sauya tsohon tarihi ba tare da dubban kwafin da ke hannun jama'a sun tona asiri ba. Bayan wannan ne masu kula suka ɗauki al'adar sa hannu na sirri a kan abin da suke aika wa Torvalds, suna kuma tabbatar da makullan juna ido da ido.

Na 2021 ya fi ba da haushi, domin daga masu bincike ya fito. Wasu a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun aika faci masu ɗauke da aibi da gangan don su auna ko za a kama, ba tare da neman izinin kowa ba. A watan Afrilu Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kenel, ya dakatar da karɓar gyara daga jami'ar, aka bi gyare-gyaren da suka fito daga can ɗaya bayan ɗaya ana sake dubawa, masu binciken kuma suka nemi afuwa suka janye takardarsu. Asarar da aka yi ita ce ta lokacin masu dubawa, wanda na ce a sama shi ne abin da ya fi ƙaranci.

Kowane faci yana ɗauke da layin Signed-off-by na wanda ya rubuta shi da na duk wanda ya bi ta hannunsa, kamar isnadi. An kawo wannan ne a 2004, bayan ƙarar da kamfanin SCO ya shigar da IBM a 2003 yana iƙirarin an sa rubutunsa a Linux, kuma ma'anarsa ita ce mai sa hannu ya shaida yana da haƙƙin bayar da wannan rubutu a ƙarƙashin lasisin kenel. Ba ya tabbatar da cewa facin ba shi da aibi, amma yana nuna wanda za a tambaya. Ba zan ce maka tsarin ba ya ɓulewa ba. Abin da ya faru a 2024 da XZ Utils, wata manhajar matse fayil da aka cusa wa ɓoyayyiyar ƙofa, ko da yake ba kenel ba ne, ya nuna cewa mai haƙurin shekara biyu yana taimakon gajiyayyen mai kula har a miƙa masa makulli ya fi mai kutse haɗari, kuma babu manhajar da ke gano irin wannan.

Tambaya: Kamfaninmu ya yi wa kenel gyare-gyare don na'urar da muke ƙerawa, kuma suna mana aiki. Me zai sa mu sha wahalar tura su cikin babban kenel?

Amsa: Domin kenel ba ya tsayawa ya jira ku. Duk bayan mako 9 ko 10 tsarin cikinsa yana motsawa, kuma wanda ya sauya wani abu yana gyara direbobin da ke cikin kenel ne kawai, naku da ke waje ku za ku bi shi da gyara, zagaye bayan zagaye, har ranar da injiniyan da ya san su zai bar aiki. Android ta ɗauki irin wannan kaya na shekaru, kuma Google ta kashe ƙarfi mai yawa wajen rage tazarar da ke tsakaninta da babban kenel. Gyare-gyaren PREEMPT_RT, masu sa kenel ya amsa cikin ƙayyadadden lokaci, sun yi kusan shekara 20 ana shigar da su kaɗan-kaɗan kafin a kammala a kenel 6.12 a ƙarshen 2024.

Ku kuma sani cewa rassan kenel masu ɗorewa, waɗanda aka fara a 2005 kuma Kroah-Hartman da Sasha Levin ke kula da su, ba sa karɓar gyaran da bai riga ya shiga reshen Torvalds ba. Hikimar ita ce kada a toshe rami a tsohon kenel a manta da shi a sabo, mutum ya sabunta na'urarsa ya tarar da kuskuren da aka gyara bara ya dawo.

Tambaya: Shin wannan ce kaɗai hanyar gina kenel a buɗe? Kuma ina za a dosa ranar da Torvalds ya ajiye aiki?

Amsa: Ba ita kaɗai ba ce. A FreeBSD, wata babbar manhaja a buɗe mai nata kenel, akwai mutane da yawa da ke da izinin ɗora gyara kai tsaye a rumbu guda, kuma su ke zaɓen kwamitin shugabanci duk bayan shekara biyu. A OpenBSD, wata irinta wadda Theo de Raadt ya kafa a 1995 kuma take fitowa duk bayan wata shida, al'adar ita ce mai gyara ya nemi amincewar wani abokin aiki kafin ya ɗora, a kuma rubuta sunan wanda ya amince. Dukkansu biyun suna ajiye kenel da sauran sassan babbar manhaja a wuri guda, abin da ke sauƙaƙa canjin da ya ratsa ɓangarorin biyu. Ko a cikin Linux ma, gidan hoto yana da rassan da mutane da dama ke ɗora gyara a kansu maimakon mai kula guda. Kowace hanya tana amsa tambaya ɗaya ce, wato wa aka yarda ya ce e, kuma wa ya duba kafin ya ce.

Game da ranar da ka ambata, an ɗan ɗanɗana ta. Lokacin da Torvalds ya tafi hutu a watan Satumban 2018, ana tsakiyar zagayen kenel 4.19 ne, an riga an fitar da rc4. Kroah-Hartman ya karɓi ragama, masu kula suka ci gaba da aiko masa da abin da suka saba aika wa Torvalds, fitowar gwaji ta ci gaba mako bayan mako har zuwa rc8, kuma shi ya fitar da 4.19 a ranar 22 ga Oktoba. Torvalds ya dawo ya buɗe ƙofar zagaye na gaba.